RA'AYINMU: Kafin A Sa Hannu A Takardar Hayar Manhaja

Da wuya a sami ɗan Arewa mazaunin Kudu, ko a Agege yake ko a Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, wanda bai taɓa bin layi a banki ko ofishin kamfanin waya ba, har layi ya zo kansa, sa'an nan akawu ya ce masa na'ura ta tsaya, ya dawo an jima. Abin da mai bin layi ba ya gani shi ne abin da ke gudana a bayan kanta. Akawun nan yakan kai ƙara ga sashen masu kula da kwamfuta, a ba ƙarar lamba, a rubuta lokacin da ta shigo, a miƙa ta ga mai gyara, a kuma yanka masa wa'adi. A da, da babban littafi da biro ake wannan aiki. Yau kuwa manhaja ce ta musamman ke yin sa, kuma kamfanonin da ke ƙera irinta suna gasa mai zafi domin ofisoshinmu su ɗauki tasu. Tun da yake 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama suna aiki a waɗannan sassa, har ma akan nemi shawarar wasunsu in za a zaɓa, mun ga ya wajaba wannan shafi ya faɗi albarkacin bakinsa.

Da farko dai, kada takardun talla su ruɗi kowa. Kusan dukan manhajojin nan suna bin tsari ɗaya ne da ake kira ITIL, wanda wata hukumar gwamnatin Ingila ta fara wallafawa a ƙarshen shekarun 1980. Saboda haka kowaccensu tana karɓar ƙara, tana ba ta lamba, tana riƙe da lissafin na'urorin ofis, tana kuma tona asirin mai gyaran da ya wuce wa'adi. Bambancin yana wani wuri dabam, watau galibinsu yanzu ba sayar da su ake yi ba, haya ake bayarwa, ana biya wata wata ko shekara shekara bisa yawan ma'aikatan da ke amsa ƙararraki. To, masu karatunmu ba sa bukatar a koya musu sha'anin haya. Wanda ya zauna a gidan wani a Legas ya san ba fentin ɗaki ake fara dubawa ba. Ana tambayar halin mai gida ne, da yadda yake ƙara kuɗi, da kuma ko zai bar ka ka fita da kayanka cikin mutunci ranar da za ka tashi.

Babbar cikinsu ita ce ServiceNow ta ƙasar Amurka. Wanda ya kafa kamfanin, Fred Luddy, ya yi haka ne bayan kamfanin Peregrine da yake wa aiki ya durƙushe a 2002, kuma a shekarar 2024 cinikin ServiceNow ya haura dala biliyan 10. Ba ma musun ƙarfinta. Tana iya ɗaukar aikin banki mai rassa ɗaruruwa, ta haɗa sashen kwamfuta da na ma'aikata da na sayayya a wuri guda. Sai dai kamfanin ba ya buga farashinsa a fili, sai an zauna ciniki da dillalansa, kuma kuɗin haya somin taɓi ne. Kafin ta fara aiki sai an ɗauko ƙwararru daga waje sun yi watanni suna saita ta, bayan sun tafi kuma tilas a ajiye ma'aikaci wanda ba shi da wani aiki sai kula da ita. Irin wannan ma'aikaci, da zarar ya goge, masu biya da dala suke zawarcinsa. Ofishin da ba shi da ƙarfin riƙe shi zai wayi gari da babbar mota a ƙofar gida, babu direba.

Mai biye mata a suna ita ce Jira Service Management ta kamfanin Atlassian, wanda aka kafa a birnin Sidni na Ostareliya a 2002. Farashinta a rubuce yake kowa na iya gani, har ma kyauta ce ga ofishin da masu amsa ƙararrakinsa ba su wuce uku ba, kuma matasa masu rubuta manhaja sun saba da 'yar'uwarta Jira, don haka koyonta ba ya ba su wuya. Amma akwai abubuwa biyu a tarihin wannan mai gida da ya kamata a sani. A watan Afrilu na 2022, wani kuskure na ma'aikatansa ya share shafukan abokan ciniki kusan 775, wasu sai da suka jira har mako biyu kafin a maido musu da bayanansu. Sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 ya daina tallafa wa nau'in da ƙananan ofisoshi suka saya suka girka a kan kwamfutocinsu, ya bar su da zaɓi biyu, ko su koma haya ta intanet, ko su hau wani nau'i mai tsada. Haƙƙinsa ne a doka, ba mu ce ya yi zamba ba. Amma wanda ya ɗauka ya sayi gida, ashe haya yake ciki.

Haka ma ya faru da masu amfani da Cherwell. Kamfanin Ivanti ya saye shi a 2021, daga baya ya sanar cewa zai daina tallafa masa a ƙarshen 2026. Ita kuwa tsohuwar Remedy, wadda kamfanin BMC ya saya a 2002 kuma ake sayar da magajiyarta da sunan Helix, ta manyan ma'aikatu ce da suka daɗe da ita. Ba mu ga dalilin da zai sa sabon ofis matsakaici ya fara daga nan ba.

Daga birnin Cennai na Indiya aka samo guda biyu da suka fi kusa da aljihun irin namu. Freshservice ta kamfanin Freshworks tana da sauƙin saitawa ƙwarai, amma ta intanet kaɗai take aiki. ServiceDesk Plus ta ManageEngine, reshen kamfanin Zoho, ita ana iya hayarta ta intanet, ana kuma iya girka ta a kan babbar kwamfutar ofis. Akwai kuma GLPI ta Faransa, wadda tun 2003 kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara yadda yake so. Ba ta da ƙyalƙyali, kuma wanda bai ɗauki kwangilar tallafi ba, in ta lalace da tsakar dare ba shi da wanda zai kira sai yaran ofishinsa.

Me ya sa muka damu da wurin da manhaja take zaune? Domin kuwa mun gani da idonmu. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da ta kamfanoni ta rikice a ƙasar nan. A irin wannan rana ce ƙararraki suke yawaita, kuma a ranar ce ofishin da littafin ƙararsa ke ajiye a wata ƙasa yake iya kasa buɗe shi. Ba kuma muna cewa girkawa a gida ba ta da nata wahala ba. Tana bukatar janareto da man dizal, saboda halin wutar da har yau jama'a ke kira ta NEPA, tana bukatar mai yin kwafin bayanai kullum, da mai toshe ƙofa ga ɓarayin intanet. Ofishin da ba zai iya waɗannan ba, gara masa haya. Amma ya shiga da idonsa a buɗe, ya kuma tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, alhali kuwa a cikin ƙararrakin nan akwai sunaye da lambobin waya, wani lokaci har da lambar asusu.

Batu mafi nauyi shi ne dala. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ma'aikatar da ta ƙulla haya da dala, ko da mai gida bai ƙara mata ko sisi ba, kuɗin da za ta nemo ya ninka fiye da sau uku cikin wata tara. Kuɗin nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. In banki ne, a jikin 'yan kuɗin da ake yanka wa mai asusu zai fita, har da mai gadi da mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. In hukumar gwamnati ce, daga baitulmali ne.

A namu ganin, daidai ruwa daidai tsaki. ServiceNow ta manyan bankuna da kamfanonin waya ce, waɗanda ke da ma'aikata dubbai da ƙarfin riƙe ƙwararru. Asibiti ko makaranta ko ma'aikatar jiha mai kwamfuta ɗari biyu ba ta da abin yi da ita, kuma duk shugaban da ya nace sai ita, ya kamata a tambaye shi dalili a rubuce. Irin waɗannan wurare, ServiceDesk Plus ko GLPI a kan kwamfutar gida sun wadatar in akwai mai kula, Jira ko Freshservice kuwa in babu.

Muna kira ga shugabannin ma'aikatu, da matasanmu da ake neman shawararsu, da kada su yi cinikin biri a sama. Galibin kamfanonin nan suna ba da gwaji na 'yan makonni kyauta. A karɓa, a zuba mata ƙararraki na gaskiya, a bar ƙaramin akawu ya gwada da wayarsa a reshe mai raunin sabis, ba manaja a ofis mai sanyi ba. A nemi jimlar kuɗin shekara uku a rubuce, har da na saitawa da na horo. Sa'an nan a sa a cikin yarjejeniya, baƙi a kan fari, iyakar abin da za a iya ƙarawa in an zo sabunta haya, da kwanakin da kamfani zai ɗauka ya miƙo dukan bayanan ofis, cikin sigar da wata manhaja za ta iya karantawa, ranar da aka ce an tashi.