Kujerun da Hausawan New Bell Suka Raina

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu na New Bell, a rumfunan kasuwa da majalisun bayan la'asar: wai zaɓen 'yan majalisa ba namu ba ne. Mu baƙi ne, fatauci ya kawo mu Duwala, zaɓe kuma ɗaya ne, na shugaban ƙasa. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ita ta sa muka cika kasuwa amma ba a jin ɗuriyarmu a Yawunde.

Wace irin baƙunta? Unguwar ta kafu ne lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen bakin ruwa daga hannun mutanen Duwala, rigimar da ta kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Tun zamanin Turawa Hausawa ke nan. Wanda aka binne cibiyarsa a nan, ya binne kakansa a nan, yake biyan haraji a nan, in ya kira kansa baƙo ya yafe haƙƙinsa ne da bakinsa.

Majalisar Dokokin Kamaru kujera 180 ce, wa'adinta shekara biyar, kuma sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Inda mazaɓa ke da kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ci, zagaye ɗaya tak. Inda take da kujeru da yawa, jerin sunaye ake zaɓa. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe duka. In babu wanda ya haura, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, ragowar a raba gwargwadon ƙuri'a tsakanin waɗanda suka kai kashi 5 cikin ɗari. Tsari ne da ke fifita jama'ar da ke zaune wuri ɗaya, ta kuma haɗa kai. Mu muna zaune wuri ɗaya, kan ne ba mu haɗa ba. Wani katin zaɓensa na Garwa, wani na Marwa, samari da yawa sun cika shekara 20 na kaɗa ƙuri'a ba su taɓa leƙa ofishin hukumar zaɓe ta ELECAM ba.

Za a ce ai an gama rabon tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Masu faɗin haka suna da abin kamawa. A zaɓen 2020 jam'iyyar RDPC mai mulki ta tashi da kujera 152. Wouri, wato Duwala da kewayenta, kujera tara aka ba ta, alhali jihar Kudu tana da 11, ga shi ƙidayar 2005 ta nuna Duwala ta ninka ta kusan sau uku a yawan jama'a. A 2024 kuma majalisar ta ƙara wa kanta shekara guda. Duk wannan zalunci ne, ban musa ba. Sai dai Duwala tana cikin wurare ƙalilan da jam'iyya mai mulki ba ta iya share fage. A zaɓen nan na 2020, Joshua Osih da Jean-Michel Nintcheu na jam'iyyar SDF sun ci kujeru a Wouri, jam'iyyar PCRN ma ta samu. A irin wannan gari, ƙuri'un unguwa guda suna iya juya kujera.

Majalisar da muke rainawa kuwa ba ta bar mu mun huta ba. Ita ce a Afrilun 2008 ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa, 'yan makonni bayan an zubar da jini a titunan Duwala. Ita ce a Disamban 2019 ta amince da dokar da ta ce magajin babban birni sai ɗan asalin yankin, abin da ya rufe wa 'ya'yanmu wannan ƙofa. Ita ce duk shekara take sa hannu a kan kasafin da ke yanke kuɗin kwastan a tashar jiragen ruwa da harajin mai shago.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sayar da kanmu da araha. Doka ta ce jerin 'yan takara ya nuna al'ummomin da ke mazaɓar. Sai a zo ƙofar mai unguwa da buhunan shinkafa da atamfa mai hoton ɗan takara, a shimfiɗa tabarmi, a karanto sunan wani Alhaji, dattawa su ɗaga hannu su yi fatiha. Ba mai tambayar a ina sunan yake a jerin. Alhali in aka raba kujeru, daga saman jerin ake ɗauka, wanda ke ƙasa ado ne kawai, ko kuma an ajiye shi mataimaki.

Iyayenmu limamai da shugabannin kasuwa, ku kuke da bakin da ake ji. Ku tura matasa su yi rajista a nan inda suke kwana. Duk jam'iyyar da ta zo neman goyon baya kuma, a ce ta kawo takardar jerinta a gani, kuma kada a yi mata alkawarin komai sai sunan ɗan unguwa ya kasance na ɗaya ko na biyu.