Su wane ne «masu mugun fata»?

Duk lokacin da wani ya ɗaga murya ya ce akwai masifa tafe, magabatanmu suna da laƙabi guda da suke manna masa: mai mugun fata. Ya kamata mu auna wannan kalma, domin ta sha rufe bakin masu gaskiya a ƙasar nan.

A Hausance, fata buri ne na zuciya. Mai mugun fata shi ne wanda yake son sharri ya auku, kuma ya yi murna in ya auku. Mai gargaɗi kuwa hango abin ya yi, yake faɗi don a kauce masa. Wanda ya nuna maka tsagar katangarka maƙwabcin kirki ne.

Ƴan kasuwa da ma'aikata ba su manta ba. A 1993 an yi ta raɗe-raɗin za a karya darajar sefa, mahukunta suna ƙaryatawa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kuɗin magani da sauran kayan waje suka yi sama, albashi ya kasa kai ƙarshen wata.

Haka aka yi da ƙarancin cimaka na 2005, bayan ƙamfar ruwa da farin dango na daminar 2004. Gidajen kula da yara masu tamowa sun cika maƙil a Maraɗi, amma Shugaba Tandja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ya zargi ƴan adawa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da zuzuta lamarin. A 2010, bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu, sabbin magabata sun amsa a fili cewa akwai yunwa, agaji kuma ya fi saurin isowa.

Lalle akwai masu mugun fata na gaske: mai ɓoye hatsi da ke baza jita-jitar fari don kuɗin tiya ya hau, da ɗan siyasar da ke jiran ƙasa ta kife ya samu kujera. Ana gane su da tambaya biyu: ina hujjarka, kuma mene ne ribarka in abin ya auku?

Saboda haka muna kira ga magabata da su yi waɗannan tambayoyi kafin su laƙaba wa kowa suna. In mutum ya zo da hujja, a saurare shi tun rumbu bai ƙare ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.