Filin Shawara: Haƙoran Moto, Ƙarfi Ko Gudu?

A yau moto ya zama jakin kowa a ƙasar Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Shi ke fitar da buhun albasa daga garka zuwa bakin kwalta. Shi ke kai akuya kasuwar Badagishiri ranar Alhamis. In naƙuda ta yi wuya da tsakar dare, shi ke kai mace asibiti. Amma akwai wani ƙarfe a jikinsa wanda mutane da yawa suke canjawa ba da lissafi ba, daga baya su yi ta asarar kuɗi. Shi ne faifan haƙora, wanda sarƙa take hawa. A kansa filin wannan wata yake.

Faifan nan biyu ne. Ƙaramin yana gaba, a jikin inji. Babban yana baya, a jikin ƙafa. A kan kwali, da faransanci, ana rubuta wa na gaba pignon, na baya kuma couronne. Sau da yawa akan buga lamba a jikin ƙarfen, kamar 14T ko 42T. Wannan lamba ita ce yawan haƙoransa. In babu lamba, sai a sa wa haƙori ɗaya alama da alli, a ƙirga har a dawo kansa.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya wannan lissafi a ƙasa da ɗan yatsa. A ce na gaba haƙora 14 gare shi, na baya 42. A raba 42 gida 14, za a sami 3. Ma'anarsa, sai ƙaramin faifai ya juya sau 3 kafin ƙafar baya ta juya sau 1. In ƙafa ta juya sau 100, shi ya juya sau 300.

To, a cire na 42 a sa na 45. Yanzu sai ƙaramin ya juya sau 321 kafin ƙafa ta cika 100. Inji ya ƙara juyi, ƙafa ta ƙara ƙarfin ja, amma gudu ya ragu. Moton da yake kai kilomita 90 a awa zai tsaya wajen 84. In kuwa an bar na 42 a baya, aka sa na 15 a gaba, juyi 280 ya isa. A lissafi gudu zai kai 96, amma ƙarfin ja ya ragu. Abin da aka ƙara wa gudu daga ƙarfi aka ɗebo shi. Babu faifan da yake ƙara wa inji ƙarfi. Rabo kawai yake canjawa, kamar mai hatsi tiya goma, in ya ƙara na shuka sai na tuwo ya ragu.

A lura da wannan kuma: haƙori ɗaya a gaba daidai yake da haƙora wajen uku a baya. Mutum ya kan ce ai ɗaya tak na ƙara. Ɗayan nan ba kaɗan ba ne.

Samari ƴan kabu-kabu su ne suka fi son faifan gudu. Suna da hujjarsu. Wanda aikinsa kan kwalta yake, daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, ko daga Malbaza zuwa Dogarawa da Galmi, da fasinja ɗaya, ƙarin haƙori ɗaya a gaba zai sa injinsa ya rage kuka, ya rage shan mai kaɗan. Wannan ba abin rainawa ba ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya daina arahar da aka saba da ita.

Matsalar tana farawa ne in manomi ya ga na ɗan kabu-kabu, ya ce shi ma haka yake so. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Hanyar ƙauyukan Alela, Bazaga da Tajaye ba kwalta ba ce. Rairayi ne, da ƙorama, da hawan dutsi. Babban buhun albasa kuwa ya kan wuce kilo 100. In aka ɗora shi a kan moton da aka sa wa faifan gudu, tun daga tashi za a ga alama. Inji zai riƙa neman mutuwa. Mai tuƙi zai riƙe kuloci rabi da rabi, yana murza mai, don moto ya motsa. Wannan riƙon shi ke ƙona faranten kuloci. A cikin rairayi kuma ba zai iya barin giya ta ɗaya da ta biyu ba. Man da ya so ya tsimi ya ƙone, kuma ya ƙara da kuɗin gyara.

Akwai kuma zafi. Injin waɗannan motoci iska ce take sanyaya shi, ba ruwa ba. A watan Afrilu zafin ƙasar Ƙonni yana wuce awo 40. Injin da yake nishi da kaya a hankali, iska ba ta bugunsa, zafinsa ya kan yi yawa, man inji ya tsinke, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wannan gyara ya fi na kuloci tsada nesa ba kusa ba. Wanda motonsa ya tsaya a daji da albasa, rana za ta taɓa kayansa. Wanda ya tsaya da mara lafiya a baya, abin ya wuce maganar kuɗi.

Masu tseren moto na duniya sun daɗe da sanin wannan. A farkon shekarar 1979 aka kammala tseren farko daga Faris zuwa Dakar, wanda ya ratsa ƙasar Nijar ta Agadas da Yamai. Wani Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ya zo na ɗaya a kan moto Yamaha XT 500. Masu irin wannan sana'a ba su da faifai ɗaya na kullum. Sai sun dubi hanyar da za a bi kafin su zaɓi haƙora: fili mai tauri faifan gudu, rairayi da hawa faifan ƙarfi. Kuma injin XT 500 ƙarfin doki wajen 30 gare shi. Moto 125 na ƙauye, irin su Kasea da Haojue, ƙarfin doki 10 ne ko sama kaɗan. Mai doki 30 yana da rarar da zai kashe a kan gudu. Mai doki 10 ba shi da ita. Shi ya sa sau da yawa gudun 96 na lissafi ba ya fitowa a hanya. Da iska ta taso daga gaba, ko aka ɗauki mutum biyu, sai giyar ƙarshe ta kasa ja, a koma ta ƙasa.

Saboda haka, mai moton da rabin aikinsa kwalta ne, rabi daji, ya bar haƙoran da kamfani ya sa. Ba a banza aka zaɓe su ba. Manomi ko makiyayin da kullum yake cikin rairayi da kaya, ya ƙara haƙora biyu ko uku a baya, kada ya wuce haka. Wasu sukan rage na gaba daga 14 zuwa 13, don ya fi araha kuma ba ya son ƙarin sarƙa. Yana aiki, amma ƙaramin faifai yana lanƙwasa sarƙa da yawa, ita da shi su yi saurin cinyewa. Ƙari a baya ya fi daɗewa.

Kafin a biya kuɗi, a je kanti da tsohon faifai a hannu. A ɗora sabon a kansa, a ga ramukan ƙusa sun dace. A dubi lambar sarƙa. Yawancin moto 125 sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, kuma dole faifai ya zama na wannan lamba. Ƙarin haƙora uku yana iya neman ƙarin gaɓa biyu a sarƙa. A tabbata kuma babban faifan zai shiga cikin murfin sarƙa. Wasu in ya ƙi shiga sai su cire murfin su yar. Wannan ganganci ne. Sarƙar da ba ta da murfi tana kama bakin zane ko riga, ta fizgo mace daga kan moto.

Sabon faifai a kan tsohuwar sarƙa asara ce. Sarƙar da ta miƙe ba ta zama daidai a cikin haƙora, sai ta cinye sabon ƙarfe da wuri. In abin ya tsufa, a canja su ukun tare. Gane tsufa ba wuya. A kama sarƙa a bayan babban faifai a ja ta baya. In ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta gama aiki. In haƙora sun yi tsini sun karkace kamar ƙayar farar ƙaya, su ma sun gama.

Wajen ɗauri, a bar wa sarƙa ɗan sako, kamar faɗin yatsa biyu, a sake dubawa mutum yana zaune a kai, domin nauyi yana ƙara ɗaure ta. Ɗan makullin gaɓa kuma, rufaffen bakinsa shi ke fuskantar inda sarƙa take tafiya. Giris mai kauri yana tara rairayi, su haɗu su zama kamar dutsen niƙa. Gara a wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura. Kada a taɓa sarƙa inji yana aiki, tana cire yatsa.

Faifan ƙarfi zai sa moto ya tashi da buhu biyu. Amma bai ƙara wa birki komai ba, bai ƙara wa taya da wayoyin ƙafa ba. A gangaren dutsi birkin nan dai na jiya shi zai tsayar da kayan. Buhu na biyu na amalanke ne.

In an gama sawa, a gwada moton da kayan da aka saba ɗauka, a kan hanyar da aka saba bi. In ya tashi ba riƙon kuloci, ya ratsa rairayi a giya ta biyu ko ta uku ba nishi, haƙoran sun yi. Tsohon faifai in bai ci ba, a shafa masa mai a rataye shi. Da an gama jigilar albasa, in aikin ya koma kwalta, ana iya mayar da shi.