Kalmomin da suka hana mu barci



Bana da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta, sai na ɗauko maganar da na san wasu ba za su so ta ba. Ni a ganina ya kamata mu ɗaliban madarasa mu koyi kalmomin Ingilishi na siyasar duniya da na tsaro. Da gangan na ce Ingilishi, don mu nan in an ce Turanci, hankalin mutane kan Faransanci yake zuwa.

Ga abin da ya sa. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja, suka saka mana takunkumi, suka ba da wa'adin mako guda. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Ranar 10 ga Agusta suka sake zama, sai kalmar "standby force" ta fito. A daren wani saƙon murya ya zagaye WhatsApp a unguwarmu. Mai maganar ya karanta sanarwar da Ingilishi, ya ce ma'anarta sojoji suna tsaye a bakin iyaka, gobe za su shigo. Mu ƴan Maradi kuwa kun san Ɗan Isa ba wani nisa ba ne. Kakata ta ɗaure kayanta a zane, ta ce ita ƙauye za ta koma. Wallahi ba wanda ya runtsa a gidanmu. Sai da safe wani abokin yayana da ya yi karatu a Katsina ya duba takardar, ya ce rundunar ko-ta-kwana ake nufi, umarni aka bayar a shirya ta, ba a ce ta taso ba. Barazanar gaskiya ce, ban ce wasa ba ce. Amma tsoron wannan daren, fassara ce ta jawo mana shi.

Daga nan na fara lura cewa manyan ƙasashe ba sa jefa kalma haka nan. Amurka sai ranar 10 ga Oktoba 2023 ta kira abin da ya faru a Nijar da sunan "coup", bayan fiye da wata biyu. Ba don ba ta san kalmar ba. Dokarta ce ta ce duk ƙasar da aka tabbatar an yi juyin mulki a cikinta, a dakatar da mafi yawan taimakon da ake ba gwamnatinta. Sojojinta kuma suna Agadas a lokacin. Ka ga harafi huɗu, amma kuɗi da sansani sun rataya a kansu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne wanda ya shafi darasinmu na nahawu. Bayan yaƙin watan Yuni na 1967, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 242 a watan Nuwamba, yana neman Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye. A rubutun Ingilishi an ce "territories occupied", babu "the" a gabansa. A na Faransanci kuwa an ce "des territoires occupés". Isra'ila ta riƙe na Ingilishi, ta ce wasu yankuna ake nufi. Larabawa suka ce a'a, dukansu ne. Wannan ai nakira da ma'arifa ne, alif da lam ɗin nan da malam yake ta fama da mu a kansa muna hamma. Sama da shekara hamsin ke nan ana gardama a kai. Haka a yaƙin Gaza: a Nuwamba 2023 kwamitin ya nemi "humanitarian pauses", wato a ɗan dakata a shigar da agaji. Sai 25 ga Maris 2024 ya yi amfani da "ceasefire", tsagaita wuta, a watan azumi. Wanda bai san bambancin ba, zai ɗauka an gama yaƙi tun farko.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ai akwai sashen Hausa a gidajen rediyo, me ya kai mu wahala? Gaskiya ne, kuma suna ƙoƙari. Sai dai mai fassara shi ke zaɓa maka. Ingilishi yana da "militants", "insurgents", "bandits", "terrorists", kowace da hukuncin da take ɗauke da shi, mu kuma sau da yawa ƴan bindiga kawai muke ji. In rahoto ya ce "casualties", matattu ne haɗe da masu rauni, amma kafin labari ya iso kasuwa duk an binne su. Wani kuma zai ce lokacin hadda zai ragu, kuma harshen nasara ne. Wannan na ɗauke ta da muhimmanci, don ni kaina izu na bai kai inda nake so ba. Amma mun karanta cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙun da ke shiga tsakani, don kada wani ya ƙara ko ya rage a ciki, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Zaidun nan shi ne aka ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani daga baya. Koyon bai rage masa komai ba.

Kuma mu aikin ya fi mana sauƙi. "Sanction", "embargo", "veto", "intervention", duk kusan haka suke a Faransanci, lafazi ne ya bambanta. A yi hattara dai da irin "intelligence", wadda a bakin soja ba basira take nufi ba, leƙen asiri ne. Ga shi kuma tun Maris 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. To wa zai yi fassarar in ba mu ba?

Roƙona ga hukumar makaranta bai taka kara ya karya ba: rabin awa a mako, kalma goma, kowa ya raba shafinsa gida huɗu, Ingilishi, Faransanci, Larabci, Hausa. Ni da abokai biyu mun fara tun bara. Gidan Hausa ne ya fi ba mu wuya. Da muka zo kan "collateral damage", ɗaya ya ce mu rubuta ɓarnar gefe, kamar yadda masu kalmar suke so a ji ta. Muka yi ta musu har aka kira la'asar. Abin da muka rubuta a ƙarshe shi ne: mutanen da aka kashe ba su ji ba ba su gani ba.