A Daina Cinikin Biri A Sama Wajen Sayen Jirgin Ɗaukar Hoto

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo, da iyayen da ke ba su jari, game da ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake kira diron.

Yanzu ko a ƙauye, in za a yi ɗaurin aure ko naɗin sarauta ko hawan Sallah, sai ka ji mai biki yana tambaya, "Kana da na sama?" In ka ce babu, ya nemi wani. Shi ya sa samari suke sayar da tumaki, wani har da babur, su ruga su sayo. Ba laifi, neman halali ne. Abin takaicin shi ne da yawansu kwali suke saya ba jirgi ba. An rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jiki, ga araha, amma abin wasan yara ne. To, araha dai ba ta ado.

A ganina, kafin a tambayi kuɗi a fara tambayar abin da ke riƙe kyamarar. Jirgin ƙwarai yana da wata 'yar na'ura da ake kira gimbal, wadda ke tallafe kyamara ta fuska uku, ko iska ta kaɗa jirgin hoto ba ya rawa. Wanda babu ita, bidiyonsa kamar an ɗauka a bayan akori-kura, babu angon da zai biya ka. Sai kuma GPS, wanda ke sa jirgi ya tsaya cak a sama, in batir ya yi ƙasa ko ya daina jin rimot ya komo inda ya tashi da kansa. Wanda ba shi da GPS, iska ɗaya ta kwashe shi, sai ka bi jarinka cikin gonar dawa.

Na uku batir. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda ya fi shahara a wannan harka, ya ce Mini 3 yana yin minti 38 a sama, Mini 4 Pro kuma minti 34. Amma wannan lissafin wurin da babu iska ne, a fili ba ya kaiwa. Don haka batir ɗaya ba ya biki, a nemi uku, balle mu da wutar lantarki sai an ga dama. Kamfanin ya kuma ce iyakar zafin da waɗannan biyun ke aiki a ciki digiri 40 ne, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana wuce haka. A tashe shi da safe ko da la'asar, kada a bar batir cikin mota a rana. Lokacin hunturu kuma a shimfiɗa tabarma ya tashi a kai, don ƙura ita ce ajalin injinsa.

Mai sayen na hannu ya sa a tashe shi a gabansa, ya duba batir ko ya kumbura, ya duba sau nawa aka yi masa caji, ya tabbata mai shi na farko ya cire sunansa daga rajistar kamfani. Ya kuma tambaya ko ana samun farfelarsa da mai gyara a kusa. In mai kaya ya ce ba a gwadawa, ɗan'uwa, riƙe kuɗinka.

Sai babbar magana, wato doka. Tun shekarar 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A farkon 2025 ma sojoji sun sanar da hana shi a Arewa maso Gabas saboda 'yan ta'adda na amfani da shi. Jama'a, a wannan zamani na rashin tsaro, wanda ya tashe shi kusa da bariki ko filin jirgi, ba jirgin kawai zai rasa ba. A nemi izini tun kafin a fitar da kuɗi.

Daga ƙarshe, Malam Edita, gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi ma sau da yawa babu rufi. Wanda ba zai yarda a leƙa iyalinsa ta katanga ba, kada ya leƙa na wani ta sama. Ina kira ga masu unguwanni da dagatai su sa ido, su kuma masu sana'a su riƙa sanar da maƙwabta kafin su tashe shi, su tsaya a kan filin biki kawai.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naka,
Wani mai ɗaukar bidiyon biki,
Funtuwa, Jihar Katsina.