Muryar rediyo iska ce ke tafiya da ita: darasin Sulaiman Ibrahim Katsina

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a yankin Alakos ya san akwatin rediyo ba ya rabuwa da rumfa. Mai saida gero a Garazu na awo kunnensa na kan labarai, mai tuyar ƙosai ta rataye tata a jikin icce. Mu da muke magana cikin akwatin nan muna jin daɗin haka, amma akwai abin da ke damunmu: abin da muka faɗa da safe, kafin la'asar iska ta tafi da shi.

Wannan ne ya sa muke tuna Malam Sulaiman Ibrahim Katsina. Masu saurare da dama sun san muryarsa a sashen Hausa na BBC, inda ya yi shekaru yana aiki a Landan. Sai dai kaɗan ne a nan Nijar suka san marubuci ne. Littafinsa Mallakin Zuciyata ya fito a 1980 daga kamfanin NNPC na Zariya, bayan wata gasar rubutu. A 1982 aka buga Turmin Danya, a 1983 kuma Tura Ta Kai Bango, wanda ya taɓo siyasa da halin talaka.

Turmin Danya shi ne naku, 'yan kasuwa. Labarin wani attajiri ne, Alhaji Gabatari, wanda ya yi dukiya da fasa-ƙwauri, yana toshe bakin ma'aikata da kuɗi. Shekara 40 da ɗoriya ke nan da rubuta shi, amma wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ya biyo ta Magarya ko Matamai zuwa Damagaram zai rantse jiya aka rubuta. Babban alhaji motocinsa na wucewa salin-alin, ita kuwa baiwar Allah mai ƙullin atamfa biyar da katan ɗin sabulu ana sauke ta a kowane shinge.

To mu a nan me muka rubuta? A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta har zuwa Maris 2024. Mun ji kukanku a lokacin. Mata sun bugo mana waya suna cewa jarinsu ya narke, masu dabbobi sun rasa inda za su kai raguna, tiyar hatsi ta yi tashin da ba a saba gani ba. Mun watsa, kun ji, shi ke nan. Yau in ɗalibi daga jami'ar Damagaram ya zo neman yadda macen Alakos ta ciyar da gidanta a watannin nan, ba mu da takarda ko ɗaya da za mu miƙa masa.

Laifin farko namu ne, ba mu musu. Da yawanmu mun mai da aikin rediyo gaishe-gaishe da kirarin masu hannu da shuni, don su ne ke biyan kuɗin fili. Ta yaya za ka tona asirin Alhaji Gabatarin garinku alhali shi ya sayi man injin da ke ba gidan rediyon wuta? Littafi bai da wannan takunkumi, ba ya jiran mai talla.

Amma ku ma da naku. Ɗan kasuwa zai ba da jika biyar a ambaci sunansa sau goma ranar suna, in an ce ya sayi littafin Hausa na jika guda sai ya ce bai iya boko ba. Ai 'yarka da ke lakwal ta iya, ta karanta maka da dare. Haka matan Kano suka riƙe marubutansu tun shekarun 1990, da kuɗin cefane suka sayi littattafai har kasuwarsu ta kafu.

Mu dai mun fara ajiye hirarrakin da muke yi da ku ranar kasuwa, muna kwafe su a takarda. Uwar da ke da labarin yadda rufe iyaka ya taɓa jarinta, in ta gan mu da na'urar ɗaukar magana, ta tsai da mu. Ba za mu sa sunanta ba sai da yardarta.