KULA DA GIDA: Yadda Za Ki Hana Tattabaru Zama a Rufin Gidanki

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wasu baƙi da kan sauka a gida ba sallama, wato tattabaru. Da ɗaya ko biyu ake farawa, har yara su riƙa murna suna watsa musu gero. Kafin ki ankara sun cika rufi, sun ɓata miki shanya, kullum da asuba gurnaninsu ne zai tashe ki daga cikin silin.

Dalilin saurin yawansu shi ne tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kamar kwana 18, 'ya'yan kuma su tashi cikin wata guda ko ɗan fiye, sannan ta kan maimaita haka sau da yawa a shekara. Ga ta da riƙon wuri, domin inda ta taɓa yin sheƙa nan za ta yi ta komawa. Asalin kakanninta a jikin duwatsu suke zama, shi ya sa doron kwano, saman taga, bayan na'urar sanyaya ɗaki da ƙarƙashin farantan sola suke yi mata kamar gidan gado.

To, mene ne abin damuwa a ciki?

Na farko lafiyar iyali. Mata da yawa kan ce ai kashin tattabara ba najasa ba ne. Haka ne, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, muddin ba ƙazanta take ci ba, saboda haka in ya ɗiga a zanenki bai hana ki salla ba. Sai dai tsarki daban, lafiya daban. Idan kashin ya taru ya bushe ya zama gari, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da ake shaƙa ta hanci. Akwai wani nau'in naman gwari da likitoci ke kira kiriftokokus, wanda kan kama huhu, wani lokaci ya kai ga sanƙarau. Akwai kuma wata cutar tsuntsaye mai zuwa da zazzaɓi, ciwon kai da tari. Mai ƙarfin jiki ba kasafai yake kamuwa ba. Waɗanda aka fi ji wa tsoro su ne masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da ƙanjamau da masu karɓar maganin daji. Haka nan sheƙar da ke cikin silin kan tara kwarkwatar tsuntsaye, wadda kan gangaro ɗaki ta ciji mutane idan 'ya'yan sun tashi sun bar ta ba abinci.

Na biyu ruwan sha. Da yawanmu muna tarar ruwan sama daga kwano da damina. Duk abin da tattabaru suka zuba a rufi tun rani, a duro ko randa zai ƙare.

Na uku dukiya. Kashin tattabara yana da ƙarfi, yana cin kwano ya sa shi tsatsa da wuri. Gashinsu da ƙiraren sheƙa suna toshe indararo, ruwa ya kwanta ya fara yoyo. Masu sola kuwa sun sani, da zarar kashi ya rufe wani sashe na faranti, wutar da yake bayarwa sai ta ragu.

Ki fara da abin da ya kawo su

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abu uku ke riƙe tattabara a gida: abinci, ruwa da makwanci. Ki dubi tsakar gidanki. Shanyar gero, dawa ko masara da ake bari a buɗe, dusa da tsakin kaji da ke kwana a ƙasa, ragowar shinkafa a wurin wanke-wanke, tankin da ba shi da murfi, duk gayyata ce. Ki riƙa rufe shanya da raga, ko ki sa yaro ya tsare ta, a ba kaji abin da za su cinye a take, a kuma kwashe shara kafin magariba.

Manyan biranen duniya ma ta nan suka bi. A shekarar 2003 hukumar birnin Landan ta haramta watsa wa tattabaru hatsi a dandalin Tarafalga, a 2008 kuma birnin Banis na ƙasar Italiya ya yi haka a dandalinsa na San Marko. Sun gane cewa muddin akwai abinci, ko an kore su wasu za su maye gurbinsu. Idan kina da niyyar sadakar hatsi ga tsuntsaye, ki sa a kai fili can nesa da gidaje.

Ƙayar ƙarfe

Bayan an ɗauke abinci, sai a hana su wurin sauka. A nan ne ƙayar ƙarfe take da amfani. Wasu siraran wayoyi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawonsu kamar santimita 10, an kafa su a kan faffaɗar roba suna kallon sama da gefe kamar bayan bushiya. Akwai kuma na roba zalla, amma zafin ranarmu kan busar da su su karye, don haka na ƙarfen sun fi ƙarko. Ki tambaya a wajen masu sayar da kayan gini ko masu haɗa sola. In ba a samu ba, mai walda zai iya kafa waya mai kauri a kan falle, amma ki gaya masa kada ya fiƙe bakin, kada kuma ya yi da ƙusa. Ƙayar kirki bakinta dakusasshe ne, aikinta kawai ta hana tattabara samun inda za ta aza ƙafa, sai ta wuce gaba.

Ga abubuwan da za ki tabbatar an kiyaye wajen kafawa:

1. Ki yi kwana biyu ko uku kina lura da inda suka fi sauka, musamman da sassafe da yamma. Inda kashi ya fi taruwa a ƙasa, samansa ne mazauninsu.

2. A duba ko akwai sheƙa mai 'ya'ya. In akwai, a jira su tashi tukuna. Toshe kafa alhali akwai 'ya'ya a ciki zalunci ne, ga warin mushe da zai biyo baya. Kada mu manta da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa.

3. A wanke wurin ya bushe sosai, domin gam ba ya kama ƙura.

4. A kan kwano a manna da gam ɗin silikon maimakon a huda shi, don gudun yoyo. A kan katako ko siminti ana iya ɗaurewa da noti.

5. A jera su a haɗe, a kuma fara daga bakin gefe. In aka bar tazarar da ta kai faɗin tafin hannu, tattabara za ta zauna a tsakani.

6. A sa su a inda hannun yara ba ya kai wa. Aikin hawa rufi kuma na kafinta ne ko wani babba, ba na yaron gida ko almajirinki ba, musamman inda wayar lantarki ta ratsa.

Ki sani cewa ƙaya ba ta maganin komai. Ƙananan tsuntsaye irin su gwara ba ta dame su ba. Idan aka bar ganye da leda suka maƙale a ciki, ita kanta sai ta zama gindin sheƙa, don haka a riƙa share ta ko da sau biyu ne a shekara, kafin damina da bayanta. A 2023 masu bincike a ƙasar Holan sun ba da labarin wata sheƙa da aka samu a birnin Antuwaf na Beljiyam, wadda wasu tsuntsaye dangin hankaka suka gina da irin wannan ƙaya kimanin 1,500 da suka ɓanɓaro daga rufi. Wannan ya isa ya nuna miki muhimmancin mannawa da kyau.

Inda raga ta fi ƙaya

Kafar da ke tsakanin bango da kwano, ƙarƙashin farantan sola da bakin tagar shan iska, duk waɗannan raga ce maganinsu. Ragar waya mai ido da bai wuce santimita 5 ba tana tare tattabara. A kewaye sola da ita ta hanyar maƙalawa, kada a huda jikin farantin. Saman taga ko katanga mai faɗi kuma magini zai iya yi masa gangare mai tsayi da siminti yadda tsuntsu zai zame. Su kuwa mujiyar roba da tsofaffin faya-fayen CD da ake ratayawa, na 'yan kwanaki ne, da sun saba da su shi ke nan.

Yadda za a kwashe kashin

Kada ki yarda a share busasshen kashi da tsintsiya, balle a lokacin hunturu da iska ke kwasar ƙura. A fara yayyafa ruwa ya jiƙe sharkaf, mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, a kwashe a leda a ƙulle. Daga nan a wanke wurin da ruwan bilic, gwangwani 1 a cikin gwangwani 10 na ruwa. Mai juna biyu, yara da marasa lafiya su nisanci wurin. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke rufi ya wuce, wanda aka tara daga baya ma a tafasa kafin a sha.

Idan na maƙwabta ne fa?

Sau da yawa tattabarun ba na daji ba ne, na kiwon yaran maƙwabta ne. A nan sai an yi hattara, don an sha ɓata zumuncin shekaru a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ki gaya wa maigida ya yi magana da maigidansu cikin mutunci, ko ke ki shiga wajen uwar yaran ki nuna mata abin da ke faruwa. Sau tari in suka gyara akurki suka riƙa ba su abinci a kan lokaci, yawon yana raguwa. Abin da nake roƙonki da girman Allah shi ne kada ki kuskura ki zuba shinkafar ɓera ko wani maganin ƙwari a hatsi. Kajinki za su iya ci, yaro mai rarrafe zai iya ɗauka, sannan tattabarar da ta ci guba tana iya komawa gida a yanka ta a yi farfesu.

Kafin damina ta kankama, ki zauna da maigida ku zaga gidan tare, ku ƙirga wuraren da ke buƙatar ƙaya da waɗanda ke buƙatar raga, sannan a kira mai aiki sau ɗaya. Kuɗin da za a kashe bai kai na canjin kwano ko na asibiti ba.